Tudun Piyer Loti a Santambul: ya dace in hau teleferik da mahaifiyata?

Ɗan Katako, Yamai:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata mai kamawa, in Allah ya yarda, zan tafi Santambul sarin kaya kamar yadda na saba, sai dai wannan karon tare da mahaifiyata za mu, domin likita zai duba mata gwiwa. Zuwana huɗu ke nan, amma in ka cire shagunan Laleli da ofishin masu aiko mana da kaya, ban san komai a garin ba. Inna ta ce ba za ta dawo gida ba sai ta ziyarci kabarin sahabi Abu Ayyuba al-Ansari a unguwar Ayub, kuma wani abokin sarina ya gaya mini cewa kusa da masallacin akwai teleferik, wato akwatin nan da ke rataye a jikin waya, wanda yake kai mutane kan wani tudu inda ake hango tsohon birnin. Shekarunta 72, kuma ko matakalar bene ɗaya ba ta ƙaunar hawa. Shin abin zai yiwu gare ta? Na kuma ji an ce ta saman maƙabarta yake wucewa, kuma wannan ya tsaya mini a rai.

Ɗalibi a Turkiyya:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba Inna lafiya. Daga Laleli ku shiga taragon T1 zuwa Eminonu, ku canja zuwa T5 wanda ke bin gaɓar Halij, wato reshen tekun da ya kutsa cikin birnin, ku sauka a tashar da ke ɗauke da sunan teleferik ɗin kansa. Katin Istanbulkart da za ku biya tarago da shi, da shi ne za ku biya hawan, saboda haka ka zuba masa kuɗi tun daga Laleli.

Game da tsoron da kake ji mata, tafiyar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. An buɗe layin a 2005, tsawonsa mita 384 ne kacal, kuma kafin minti 3 su cika an iso. Akwatunan rufaffu ne, kowane yana ɗaukar mutum 8 a zaune, suna tafiya biyu-biyu, biyu na hawa biyu na sauka, kuma suna tsayawa a tasha kafin a shiga. Abin da zai wahalar da ita shi ne layin jira, musamman ranar Juma'a bayan salla da Asabar da Lahadi, lokacin da mutum zai iya tsayuwar da ta ninka tafiyar sau goma. Ku zaɓi Talata ko Laraba. Idan aka tashi da iska mai ƙarfi akan dakatar da shi, don haka kada ku ajiye wannan fita sai ranar ƙarshe.

Hajiya ta Wadata:

Ɗana, ni na hau shi bara, kuma ban fi mahaifiyarka ƙarfin hali ba. Da akwatin ya bar tasha ya ɗan yi lilo, sai na damƙe hannun ɗiyata ina salati, har wata Baturkiya da ke zaune gabana ta yi murmushi ta dafa mini gwiwa. Kafin in gama tattara hankalina mun wuce rabin hanya. Ka zaunar da ita ta fuskanci tudun, ta ba ruwan baya, domin wanda ya fuskanci ruwan shi ne yake ganin ƙasa tana nisa da shi.

A saman akwai fili mai shingen ƙarfe da teburori masu shimfiɗa ja da fari, ana kawo shayi cikin ƙananan kofunan gilas masu siririn ƙugu. Daga nan za ta ga Halij ya miƙe yana lanƙwasa, da gadojinsa, da hasumiyoyin masallatan tsohon birni can nesa. Ni abin da ya faɗo mini a rai shi ne kallon kogi da gadar Kennedy daga tudun bakin kogi a nan Yamai da yamma, sai dai can gidaje ne a kan gidaje iyakar ganin ido. Shayin wurin ya fi na ƙasa tsada, kuma teburan bakin shinge ba sa daɗewa babu kowa. Ku hau bayan la'asar, lokacin da rana ta koma bayanku, domin da safe tana dukan ido kuma hoto ba ya fita.

Matasa za su ce maka a hau da teleferik a sauko da ƙafa ta cikin maƙabarta. Hanyar tana da kyau, akwai inuwar itatuwa da kyanwoyi kwance a kan kaburbura, amma gangara ce ta duwatsu, kuma gangara ta fi hawa cin gwiwa. Kada ka yarda, ku dawo yadda kuka hau.

Malamin makaranta, Tawa:

Ina so in taɓa zancen maƙabartar, tunda shi ne ya fi damun Alhaji. Kaburburan nan ba su taru a wurin haka kawai ba. Abu Ayyuba, wanda sunansa Halidu ɗan Zaidu, shi ne ya sauki Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a gidansa lokacin da ya iso Madina, kuma ya rasu yana tsoho a cikin rundunar da ta je yaƙin wannan birni a zamanin Mu'awiya, aka binne shi kusa da ganuwa. Bayan Sarki Muhammadu al-Fatih ya ci birnin a 1453, an gina masallaci a wurin a 1458, kuma ginin da za ku gani yanzu na 1800 ne, domin girgizar ƙasa ta lalata na farko. Tun daga nan manya da talakawa suka riƙa neman a binne su kusa da sahabin, har kaburbura suka haye tudun. Za ku ga tsofaffin duwatsun kabari da aka sassaƙa wa rawani a ka, na mata kuwa furanni.

Abin da na sani an hana shi ne zama a kan kabari da taka shi, kuma wanda ke cikin akwati a sama bai yi ko ɗaya ba. Ku yi wa mamatan sallama da addu'a yayin wucewa, ku rage hira da dariya. Idan zuciyar Inna ba ta kwanta ba, akwai hanyar mota da ke zagayawa har saman, taksi zai kai ku.

Sunan tudun kuwa, wato Piyer Loti, na wani hafsan sojan ruwan Faransa ne kuma marubuci, wanda ya fara zuwa birnin a 1876, aka ce yana yawan zama shan gahawa a wurin. Ni dai har yau ina mamakin yadda tudun da ke kallon kabarin sahabi ya tashi da sunan baƙo. Shawarata ita ce ku fara da ziyara tun ƙarfinta na nan, hawan tudu ya biyo baya.

Ɗan Katako, Yamai:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Inna amsoshinku duka, ta ce in dai Hajiya ta hau ta sauko lafiya, ita ma za ta hau, amma da sharaɗin in zauna kusa da ita. Mun tsayar da Talata: azahar da la'asar a masallacin, sannan mu hau. Ɗalibi, kati ɗaya zai ishe mu mu biyu, ko sai na saya mata nata?