Neman shawara: magani na uku ke nan ake canza wa Baba, zazzaɓi bai sauka ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Mahaifinmu na kwance a wani asibiti a nan Katsina, yau kwana 19. Aiki aka yi masa a mafitsara, aka sa masa robar fitsari. Har ya fara shan kunu da hannunsa, sai a kwana na shida zazzaɓi ya rufe shi, yana rawar sanyi har gadon na motsi, fitsarin cikin ledar ya yi kauri yana wari. Aka yi ta allurar ceftriaxone, shiru. Aka koma cipro, shiru. Jiya gwaji ya fito, likita ya ce ƙwayar cutar ba ta jin su duka, ya rubuta meropenem. Da na ji kuɗinsa sai da hawaye suka zubo mini. Baffa ya ce sammu ne, a mai da shi gida. Kaina ya ɗaure. Mu kaɗai abin nan ya sama? Mu masu jinya muna iya ɗauka?

Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. 'Yar uwa, ba ku kaɗai ba ne, irin takardar nan kullum sai ta bi ta hannuna. Fitsarin muke shukawa a ɗan faranti, ƙwayar ta tsiro cikin kwana ɗaya ko biyu, sannan mu jera mata ƙananan takardu masu ɗauke da magani. Maganin da take ji, za ki ga kewayensa fes. Wanda ba ta ji, sai ta mamaye shi har bakinsa. Duba takardar Baba: inda aka sa R ba ta ji, inda aka sa S tana ji. Wasu ƙwayoyin cuta irin E. coli da Klebsiella suna fitar da sinadarin da ke lalata ceftriaxone tun kafin ya taɓa su, ko kwali guda aka yi masa a banza ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane ciwon bakteriya shida da gwaji ya tabbatar a duniya a shekarar 2023, ɗaya ya gagari magani; a Afirka ɗaya cikin biyar. Waɗancan ƙwayoyi biyu kuwa, a Afirka sama da kashi 70 cikin ɗari ba sa jin dangin ceftriaxone. Ki kai wa Baffa takardar ya gani, cikin ladabi. Cutar an gan ta, an kuma ga maganinta.

Wata nas daga Ƙofar Ƙaura:
Ƙanwata, robar nan ita ce ƙofar da ƙwayar ke bi, kuma duk kwanan da ta ƙara haɗarin na ƙaruwa. Gobe in likita ya zagayo ki tambaye shi ko za a cire ta ko a canza. Ledar kada ta taɓa ƙasa, kada kuma a ɗaga ta sama da mararsa. Mai lafiya ba kasafai ƙwayar kan kwantar da shi ba, amma hannunku na iya kai ta gadon maƙwabci ko ga jariri a gida. Sabulu da ruwa kafin ku taɓa shi da bayan kun juye fitsarin. 'Yan dubiya ma a rage, kuma kada a zo da yara.

Wata uwa daga Daura:
Haka ɗinkin haihuwata ya yi ruwa bara. Kafin gwaji na sha Ampiclox na kemis ba adadi, in na ji sauƙi in ajiye, ashe ƙwayar nake horarwa. Kada ku yarda a yanke allurar nan don zazzaɓi ya sauka, sai likita ya ce ya isa. Addu'a da tofi kuwa a yi masa a gadon, ba wanda zai hana.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba takardar, R guda biyar, S biyu, meropenem na ciki. Yaya ya kai wa Baffa bayan Magariba, ya yi shiru, sannan ya ce a sayar da ragonsa a cika kuɗin. An yi allurar farko ƙarfe goma na dare. Ku sa Baba a addu'a.