Taƙaitawa: magungunan gargajiya na Amazigh (ƙabilar Berber ta Arewacin Afirka) a duwatsun Atlas

Jama'a, tattaunawarmu kan waɗannan magungunan ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

Inda aka haɗu:

1. A ƙauyukan Atlas na Maroko, galibi tsofaffin mata ne ke riƙe da ilimin. Yarinya tana koya ne a bayan kakarta wajen tsinko ganye, da baki, ba da littafi ba.
2. Azukni, wato za'atar ɗin dutse (wani ganye mai ƙamshi), shi aka fi ambata: ana dafa shi kamar shayi don mura da ciwon ciki. Shih kuma, ɗan'uwan tazargade, don tsutsar ciki.
3. A yanka ganye daga sama, kada a tumɓuke saiwa, a shanya a inuwa. Masu saye don kasuwar birni suna sa ana ƙwaƙule azukni kafin ya yi iri, kuma wannan ya dame ni ƙwarai.
4. Gargaɗi mai ƙarfi kan addad, wani tsiro mai ƙaya. Saiwarsa tana da ɗan zaƙi, yara kan tauna, alhali dafi ce mai lalata hanta, ta kashe yara a yankin. Haka man kadiran, baƙin man da ake samu daga ƙona itace, kada a shafa wa jariri.

Inda aka rabu:

Wasu na ganin a rubuta ilimin kafin tsofaffi su ƙare. Wasu suka ce rubutawar ce ke buɗe wa kamfanoni ƙofa, suka kawo misalin man argan (man ƙwallon wata bishiya ta Maroko), wanda kasuwarsa ta bunƙasa amma matan da ke fasa ƙwallon da dutse ladansu kaɗan ne.

Kan masu ciwon suga da ke shan shih, mafi yawa sun ce kada a ajiye maganin asibiti sai da sanin likita.