Muhawara: Wai mu Kanawa ba mu iya kallon rawa ba?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa. Abin nan ya tsaya min a rai tun daren Asabar. Ƙanina da abokansa biyu sun yi wata huɗu suna atisayen rawar zamani, irin wadda ba waƙa ba ganga, sai sarewa ɗaya da motsin jiki. A daren ne suka nuna ta a gaban jama'a. Labarin samari ne da suka bi ta Agadas za su tsallaka Libiya. Akwai inda ɗaya ya goya ɗan'uwansa, ƙafa ba takalmi, yana tafe yana tangaɗi, har ya durƙusa ya sauke shi, ya cire rigarsa ya lulluɓe masa fuska. Ya daɗe a durƙushe, ba abin da ke motsi sai kafaɗarsa. Wata dattijuwa a layin gaba ta ja mayafi ta rufe ido tana kuka. Amma can baya sai dariya da fito. Wani ya ce aljanu sun tashi, wani kuma ya hau dandamali zai yi wa gawa liƙin ɗari biyu. Ita wannan rawar shirun 'yan kallo take buƙata, don mai rawa yana jin numfashin ɗakin. Gaskiya har yanzu ba mu waye ba.

Baban Ummi Yakasai: Wa alaikumus salam. Kai da wa ne ba ku waye ba? Garin da yake cin Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa za ka koya wa wayewa? Janye kalmar nan.

Maman Sadik: In wayewa ita ce ƙato ya tuɓe riga a gaban iyaye mata, Allah ya bar mu a duhunmu.

Ɗan Fagge: Hajiya, da singileti a jikinsa. Kuma 'yan dambe fa?

Maman Sadik: Dambe sana'ar mahauta ce, gado ne. Kada ka haɗa.

'Yar BUK: Yaya Ɗan Fagge ya yi kuskuren kalma, amma maganarsa tana kan hanya. A Senegal, ƙasar da mafi yawanta Musulmi ne, Germaine Acogny tana da makarantar rawa a bakin teku, daga ƙasashe ake zuwa koyo. Ba kayan Turawa ba ne kawai.

Baban Ummi Yakasai: 'Yata, mu ba Senegal ba ne. Je ki Gidan Ɗan Hausa ki ga 'yan koroso. Su ɗaura cakansami a ƙafa, wannan ya naɗe a jikin wancan kamar ba ƙashi, jama'a na ihu suna ƙara wuta. Wannan ba haɗuwar zuciya ba ce? A wurinmu mai rawa in ya ji shiru ya san ya faɗi. Wanda ya yi liƙin nan yabo ya yi, ku ne ba ku gane ba.

Akawu Sani: Liƙi dai laifi ne. Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana wulaƙanta naira.

Na Gwammaja: Akawu, a bikin ƙanwarka wa na gani da bandir ɗin 'yan hamsin-hamsin?

Akawu Sani: A hannu na miƙa, ban watsa ba. Ka ji tsoron Allah.

Malam Habu: Ni tambayata ɗaya. Tun 2001 muke da Hukumar Tace Finafinai, ga kuma Hisba. An nemi izini? Maza da mata a haɗe aka zauna?

Ɗan Fagge: Malam, mata gefe guda suke. Wallahi bayan an tashi dattijuwar nan ta riƙe ƙanina ta kasa magana, sai daga baya ta ce ɗanta shekara uku ke nan da tafiya ba labari. Wannan nake so mu tattauna.

Na Gwammaja: Dama Fagge ai bayan ganuwa take. Shi ya sa yake cewa "ba mu waye ba", ya san da 'yan cikin gari yake.

Ɗan Fagge: Kai Gwammaja yaushe ta zama Ƙofar Kudu? Kakana a Fagge aka binne cibiyarsa.

Na Gwammaja: Kakanka daga ina ya zo da raƙuma?

'Yar BUK: Don Allah ku dawo kan rawar.

Baban Ummi Yakasai: A matsayina na shugaban zaure, ga abin da aka cimma. Kowa ya yarda kalmar "wayewa" cin fuska ce, kuma koroso ta ishe mu. Yaran su sa ganga a wasansu, su nemi izini, za su ga jama'a. An rufe.

'Yar BUK: Baba, ni ban yarda da ko ɗaya ba, kuma na faɗa.

Akawu Sani: Kafin a rufe, Na Gwammaja ya kawo hoton da ke nuna na yi liƙi, ko ya ba ni haƙuri a nan.