Shawarwari ga masu zuwa baje kolin barguna a garin Sisters

Wani magidanci a jihar Oregon ta Amurka ya nemi shawara: yana son kai uwargidansa garin Sisters da ke jihar ranar zagayowar haihuwarta, don ta ga baje kolin bargunan da ake haɗawa da guntayen ƙyalle. Jean Wells, mai shagon kayan ɗinkin barguna a garin, ita ce ta fara shi a 1975, ana yi duk Asabar ta biyu a watan Yuli, kuma kallo kyauta ne.

Bakin duk waɗanda suka ba shi shawara ya zo ɗaya kan sammako. Garin ƙarami ne, ana rufe babban titinsa, wurin ajiye mota kuma kan cika da wuri. Barguna sama da 1,000 ake ratayawa a bangon shaguna, duk a fili, ga zafin rana, don haka a riƙe hula da ruwa, a sa takalmi mara tsini.

Shawarar da ta fi shiga raina ta wata dattijuwa ce: kada ya hanzarta uwargidan tasa. In ta tsaya tana ƙare wa ɗinkin hannu kallo, tana bin zaren da ido, ya bar ta. Amma ba a taɓa bargo da hannu.

Abincin dare kuwa, su tanadi wuri a Bend, birnin da ke kusa da Sisters, tun kafin ranar.