Ɗalibata ta yi mini tambayar da ta ɗaure mini kai a kan atam

Assalamu alaikum malamai. Bana na fara koyar da kimiyyar sinadarai a aji ɗaya na babbar sakandare. Na gaya wa yara cewa atam, wato ɗan ƙanƙanin abin da ake haɗa kowane abu da shi, yana da ƙwayoyi iri uku: furoton cajinsa na ƙari ne, ilektoron na ragi, niyutoron kuwa ba shi da caji, kuma masu caji iri ɗaya korar juna suke yi. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to me ya hana furoton ɗin da ke cunkushe a cibiyar atam su watse?" Na ce mata sai gobe. Don Allah yaya zan yi mata bayani ta gane?

Tsohon malamin fiziks:
Wa alaikumus salam, Malama. Yarinyar nan ki riƙe ta hannu bibbiyu. Korar gaskiya ce, amma a cikin cibiya akwai wani ƙarfi na daban da ya rinjaye ta, sai dai ba ya aiki sai ƙwayoyin sun matsu da juna ƙwarai. Shi ba ruwansa da caji, furoton da niyutoron duka yake ɗaurewa. A nan amfanin niyutoron yake, yana ƙara ɗauri ba ya ƙara kora. Ki ba ta misali: kabon na da furoton 6, niyutoron 6 sun ishe shi. Yuraniyam ɗin da ake haƙowa a Arlit ta Nijar kuwa furoton 92 gare shi, mafi yawansa niyutoron 146 yake ɗauke da su, kuma duk da haka cibiyarsa a hankali take farfashewa.

Wata malama:
Kada ki ji nauyi, 'yar'uwa. Rutherford ya gano cibiyar atam a 1911, amma sai 1932 Chadwick ya gano niyutoron. Ki gaya mata manyan masana ma sun shekara da shekaru a kan tambayarta.

Ɗalibin jami'a:
Malama, tunda hunturu ne iska a bushe take, ki sa su goga biron roba a gashi su kusantar da shi ga yagaggun takardu, za su ga ya ɗauke su. Amma ki jaddada musu cewa ilektoron ne kawai ya yi ƙaura daga gashi zuwa biro, furoton yana nan daram a cibiya. A nan yara da yawa suke zamewa a jarrabawa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Gobe da biro zan fara, sannan in kira ta gaban allo mu ƙirga niyutoron ɗin yuraniyam tare.