Manhajata ba ta ganin na'urar Bluetooth a sabbin wayoyi, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gina manhajar Android da za ta riƙa karɓar ma'aunin zafi daga wata ƙaramar na'ura ta Bluetooth Low Energy. A waya mai Android 10 tana ganin na'urar nan take, amma a mai Android 13 ko alamarta babu. Inda ta haɗu ɗin ma, saƙon a gutsure yake zuwa. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Rashin ganin na'urar maganar izini ce. Tun daga Android 12 da ya fito a 2021, sai manhaja ta samu izinin BLUETOOTH_SCAN (na neman na'ura) da BLUETOOTH_CONNECT (na haɗuwa da ita), kuma rubuta su a manifest (fayil ɗin da manhaja ke bayyana izinin da take buƙata) kaɗai bai wadatar ba, dole ka nemi amincewar mai wayar lokacin da manhajar take aiki. In ba ka buƙatar sanin inda mutum yake, saka alamar neverForLocation a manifest ɗin, in ba haka ba sai ka nemi izinin wuri shi ma.

Amsa ta biyu:
Gutsurewar kuma daga MTU ne, wato iyakar girman saƙon da za a iya aikawa a tashi ɗaya. A asali bayit 23 ne, 3 na tafiya wajen bayanan da ke farkon saƙon (header), 20 kacal suka rage maka. Kira requestMtu (umarnin neman ƙara MTU) bayan kun haɗu, ka jira onMtuChanged (amsar buƙatar) kafin ka aika komai. Sai dai fa na'urar ma sai ta yarda. In ta ƙi, raba saƙon kashi-kashi, ka haɗe shi a manhajar.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To ko in koma NFC ne in huta?

Amsa ta uku:
A'a malam, ban ba ka shawarar haka ba. NFC sai an kara wayar a jikin na'ura, tazarar ba ta wuce 'yan santimita, kai kuwa karatu kake so yana shigowa a kai a kai. Zauna a kan Bluetooth ɗinka. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne kada ka tura umarni biyu lokaci guda, jera su a layi, ɗaya ya kammala sannan na gaba. Kuma duk sanda kuka rabu da na'urar ka kira close (umarnin rufe haɗin), rashin yin haka na cikin abubuwan da ke jawo kuskuren haɗin Bluetooth mai lamba 133. Kafin ka taɓa rubutun manhajarka (code) ma, gwada na'urar da manhajar nRF Connect. In ita ta karanta daidai, gyaran yana wajenka.