Jiki ne ke kwantar da mashin a kwana, ko hannu?

Habu Agege: Salamu alaikum jama'a. Jiya na kalli MotoGP, babbar gasar tseren mashin ta duniya, a gidan kallo, har yanzu abin bai bar raina ba. Mutum ya shigo kwana a guje, ya kwantar da mashin, gwiwar ƙafa da ta hannu duk suna sharar kwalta, ya kuma miƙe lafiya lau. Ni dai abin da idona ya gani, jiki ne ke kwantar da mashin: ka zubo nauyinka gefe, mashin ya biyo ka. Kuma duk wanda gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba, bai iya shan kwana ba tukuna. Mun yi musu da wani har aka tashi. Ku raba mana gardama.

Baba Iro: Wa alaikumus salam. Maganar jiki ina tare da kai, Habu. Tun a Kano nake acaɓa, sai da aka hana a 2013 na gangaro Legas, kuma da ƙuguna nake karya kwana. Amma zancen gwiwa ka bar shi. Wanda ya kai fasinja gida da ƙafarsa biyu shi ne ya iya.

Injiniya Musa: Baba, Allah ya ƙara girma, a maganar gwiwa ba ni da ja. A ta jiki ne zan saɓa muku ku biyun. Da mashin ya ɗan ɗauki gudu, hannu ne ke kwantar da shi, kuma a baibai yake yi. Idan za ka dama, hannun dama kake turawa gaba, kan mashin ya ɗan kalli hagu na ƙiftawar ido. Tayar gaba sai ta zame daga ƙarƙashinka zuwa hagu, mashin ya faɗo dama, daga nan kwanar ta fara. Ku tuna yadda yara ke tsayar da sandar rake a tafin hannu. Wanda ke so ta karkata dama, hagu yake jan tafinsa. Duk mai tuƙa mashin yana yin haka, ko ya sani ko bai sani ba.

Baba Iro: Musa, ban yarda ba. Shekara nawa ina kan mashin, a ce ina juya kai hagu don in je dama ban taɓa lura ba? Kuma da ƙuruciya mun sha sakin hannu a kan keke muna shan kwana. Wane hannu ne ya tura a lokacin?

Injiniya Musa: Tambayar ta yi, Baba. Da ka motsa ƙugu, keken yana ɗan karkata, kansa kuma yana juyawa da kansa, saboda yadda aka ƙera ƙafar gaba. Amma keke bai kai ka nauyi ba, kwanar kuma mai faɗi ce, a hankali. Mashin ɗin tsere ya haura kilo 150, ga tayoyi na juyawa da ƙarfi suna ƙin karkata. A Amurka akwai makarantar koyon tsere ta Keith Code, California Superbike School. Sun kafa wa wani mashin kai na biyu a jikin ƙarfensa, wanda ba ya juya taya. Mahayi ya riƙe wannan, ya yi ta jefa jikinsa gefe, da ƙyar mashin ke kauce wa layinsa. Da ya koma ya riƙe kan mashin na asali ya ɗan tura, nan take ya kwanta.

Habu Agege: To in haka ne, Oga Musa, me ya sa suke saukowa daga kujera rabin jikinsu a waje? Ado ne?

Injiniya Musa: Don mashin ya rage kwanciya suke yi, Habu. Yawan karkatar da kwana ke nema, gudu da faɗin kwanar ne ke yanke shi. A ce kwana ce da ke da mita 50 daga tsakiyar da'irarta zuwa inda taya ke bi. A gudun kilomita 40 a awa, digiri 14 kacal take nema. A 80 sai 45. A 105 sai 60. Ka ga gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke jan ka waje ya ninka sau huɗu. Nauyin mutum da na mashin a haɗe ne ke buƙatar wannan karkata, don haka idan mahayi ya zubo jikinsa ciki, ya ɗauke wa mashin wani kaso, mashin ya ɗan miƙe, taya ta samu sauran gefe, ƙarfe kuma bai kankari ƙasa ba. Gwiwa ma'auni ce, da ita yake jin saura nawa ya rage masa. Jarno Saarinen ɗan Finland na cikin waɗanda suka fara wannan salon a farkon shekarun 1970. Kenny Roberts ɗan Amurka ya ɗauka ya ƙara, har yana naɗa salatif a gwiwa, ya ci kambun duniya a 1978, 1979 da 1980. Gwiwar hannun da ka gani kuwa, Marc Marquez ne ya yi fice da ita da ya shigo MotoGP a 2013, lokacin da riƙon taya ya kai ana wuce digiri 60.

Ɗanladi Mai Kai Saƙo: Ni maganar taya ce ta shafe ni. Bara da damina na shigo wata kwana wajen Ojota da kaya a akwatin baya, ban ma kai gudun da ake faɗa ba. Wata babbar mota ta tsiyayar da man gas a kwalta, ruwa ya lulluɓe shi. Na hango gefen gada yana matsowa, idona ya kafe a kansa, na damƙe birkin gaba alhali mashin na kwance. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Wata biyu ina jinyar kafaɗa. Habu, don Allah ka cire wa ranka gwiwar nan.

Injiniya Musa: Sannu Ɗanladi, Allah ya ƙara kiyayewa. Wurin da taya ke taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu ba, riƙonsa kuma kamar kuɗin cefane ne: abin da ka ba kwana, ba ka da shi ga birki. Ga kuma ido, inda ka kafa shi nan mashin zai kai ka. Mafitar kwana ake kallo.

Habu Agege: Sannu Yaya Ɗanladi. Amma Oga, na ga 'yan tsere suna shiga kwana da birki a hannu, ba su faɗi ba.

Injiniya Musa: Suna shiga da shi, amma sakinsa suke yi kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda mashin ke kwanciya, kafin tsakiyar kwana sun sake shi duka, sannan su fara ba shi wuta yana miƙewa. Tayarsu ta busasshiyar hanya ba ta da zane, ana lulluɓe ta da bargon lantarki kafin a fita, tana aiki a zafin kusan digiri 100. Filin a share yake, kowa hanya ɗaya ya nufa, ga tsakuwa a gefe don wanda ya zame, ga rigar fata mai jakar iska. Boxer ɗinka tun kafin ya kai irin wannan kwanciya, jak da matakin ƙafa za su ci kwalta su ɗaga taya.

Baba Iro: Wannan kam gaskiya ne. Tun da aka kore mu daga Ikeja da Surulere da Apapa a Yunin 2022, lunguna muka koma, yashi a kowace kwana, danfo, motar haya ta Legas, na tahowa ta hannunka. Na raka yara biyu asibitin ƙashi na Igbobi, ba na son na uku. Amma Musa, zancen tura hannu a baibai har yanzu bai zauna min ba. Abin da jikina ya sani daban.

Injiniya Musa: A gwada, Baba. Fili wanda ba mota, gudu kamar 30, zama a miƙe ba motsa ƙugu, sai a ɗan tura hannun dama da tafi kawai, a hankali.

Baba Iro: Lahadi bayan la'asar, a filin bayan garejinku. Ni zan hau da kaina. Habu ka zo da hular kwanonka, kuma ka bi ta wurin mai faci ya duba maka iskar tayar gaba, na ga ta yi laushi shekaranjiya.